Man jirgin ruwa mai inji: a lita ake lissafinsa, ba a naira ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana a kan wani al'amari da ba a cika kawo shi a jarida ba, alhali kuwa ya shafi ɗimbin jama'ar da ke zaune a bakin kogin Haɗeja, tun daga Ringim da Taura, zuwa Miga da Auyo, har ƙasa wajenmu a Guri da Kirikasamma, da kuma 'yan uwanmu na jihar Kano masu fito da jirage a madatsun ruwan Tiga da Challawa da Watari. Al'amarin shi ne man fetur ɗin da jiragenmu masu inji suke sha, da girman tankin da ake zuba shi, da kuma yadda ake lissafinsa. Littafin shiga da fita na jirgin fiton garinmu a hannuna yake, saboda ni ne ma'ajin kwamitin da ke kula da shi, don haka abin da zan faɗa daga wannan littafi da kuma bakin ruwa na samo shi.

Duk wanda ya tsaya a mashigi ranar kasuwa zai ji yadda ake maganar mai. Direba ba ya cewa a zuba masa lita kaza, sai dai ya ce a zuba na naira kaza. A da wannan bai zama matsala ba, domin farashi yakan daɗe a wuri ɗaya, har kuɗin ya zama tamkar ma'auni. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur a gidan mai ba ta kai naira 200 ba, wato naira 5,000 tana cika tanki mai lita 25. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, wannan naira 5,000 ɗin ba ta ƙara sayen ko lita 5 cikakku ba. Ga shi kuma mu mutanen ƙauye ba daga gidan mai muke saye ba, daga hannun 'yan bumburutu ne, a kwalba da galan, kuma kowa ya san galan ɗin wani ba ya kai na wani ba. Saboda haka direban da ya ce ya zuba "na dubu goma" bai gaya wa kowa komai ba, har da kansa. Inji bai san naira ba.

Tankunan da ke zuwa da ƙananan injinan da ake ratayawa a bayan jirgi, irin su Yamaha Enduro da muka fi sani a nan, galibi kala biyu ne: ƙarami mai lita 12, da babba mai lita 24 ko 25. Na sha jin masu sayen jirgi suna tambayar dillali ko tankin babba ne, kamar da zarar an samu babba an gama da maganar mai. Girman rumbu ba shi ke nuna watan da hatsi zai ƙare ba, sai an san yawan bakin da ke ci a gidan. Irin injin da muke da shi, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, idan aka murɗa masa totur har ƙarshe yana shan kusan rabin lita a kowace awa a kan kowane ƙarfin doki ɗaya. Mai ƙarfin doki 15 zai sha lita 7 ko sama da haka kaɗan a awa, mai ƙarfin doki 40 kuma kusan lita 20. Ke nan tanki mai lita 25 zai riƙe na farko awa 3 da ɗoriya, amma na biyu ba zai wuce awa 1 da kwata da shi ba. Tanki ɗaya ne, mai ɗaya ne, amma tazarar ta kusa ninki uku.

Bugu da ƙari, ba duk abin da aka rubuta a jikin tanki ne ake mora ba. Ba a cika shi har baki, domin fetur yana kumbura idan ya ji zafi, kuma zafin watan Afrilu a Jigawa ba sai an ba kowa labari ba. Bututun da ke zuƙo mai daga ciki shi ma ba ya kwashe na ƙasa duka, musamman idan jirgi ya karkata ko tankin yana zaune a kan buhu a gicciye. Mai hankali idan yana da tanki mai lita 25, to ya ɗauka lita 22 gare shi. Allurar da ke kan tankin kuwa, wadda ake cewa tana nuna yawan mai, yawancin waɗanda na gani sun daɗe da tsayawa wuri ɗaya. Abin da direbobinmu suke yi shi ne su ɗaga tankin da hannu ɗaya, su jijjiga shi kusa da kunne, su ce "zai kai, in Allah ya yarda". A kan wannan jijjigar ake ɗora rayukan mata da yara da buhunan shinkafa.

Inda na fi so in tsaya, ranka ya daɗe, shi ne maganar totur, domin a nan ne mafi yawan kuɗinmu yake narkewa. Jiragenmu na katako, dogaye masu nauyi, ba sa tashi su hau kan ruwa. A cikinsa suke tafiya suna ture shi gefe da gefe. Irin wannan jirgi yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa. Muddin yana ƙasa da wannan iyaka, ƙarfi kaɗan ya ishe shi. Da zarar ya kusance ta, sai igiyar ruwan da shi da kansa yake tayarwa ta fara girma, goshinsa ya ɗaga, bayansa ya nutse, ya zama kamar yana ƙoƙarin hawa tudun da shi ya gina wa kansa. Daga nan duk abin da aka ƙara wa inji, kaɗan ne yake komawa gudu, sauran yana tafiya ne wajen haƙa rami a bayan jirgi da aika igiyar ruwa ta je ta ci gaɓa, ta kuma girgiza masunta a ƙananan kwalekwalensu. Kowa zai iya gwada wannan da idonsa: a tsaya a baya a duba ruwa lokacin da direba ya murɗa sulusin ƙarshe na totur. Ƙara za ta cika kunne, kumfa za ta yi yawa, amma bishiyoyin gaɓa ba za su ƙara saurin wucewa da wani abin kirki ba.

Bari in kawo misali da lissafi, ba don lambobin su zama na kowane jirgi ba, sai don a ga yadda abin yake tafiya. A ƙaddara jirgi mai lodi da inji mai ƙarfin doki 15 yana yin kilomita 14 a awa idan an ƙure totur, yana shan lita 7. A ƙaddara kuma idan aka sassauta yana yin kilomita 11 a awa, yana shan lita 4. A tafiyar kilomita 14, na farko ya isa a minti 60 da lita 7, na biyu ya isa a minti 76 da lita 5 da ɗigo. Minti 16 aka saya da kusan lita 2, zuwa kawai, ban da dawowa. A ninka wannan da yawan sawun da ake yi a ranar kasuwa, a sake ninkawa da kasuwannin wata, za a ga kuɗin da ya isa a sayi rigunan kariya daga nutsewa. Matasan direbobi ba sa son jin wannan magana, domin a wurinsu ƙarar inji ado ce, kuma wanda ya riga isa mashigi shi ke kwashe fasinja. Na fahimci uzurinsu na biyu, shi ya sa nake ganin gyaran ba na mutum ɗaya ba ne. Idan 'yan fito suka tsayar da layi, kowa ya yi lodi a kan juyinsa, tseren zai mutu da kansa.

Dole in keɓe jiragen roba marasa nauyi, irin waɗanda hukumomi kan kawo lokacin ambaliya. Su an ƙera su ne domin su tashi su kwanta a saman ruwa, kuma inda suka fi shan mai shi ne tsakiya, lokacin da goshi ya ɗaga sama amma jirgin bai gama tashi ba. Irin wannan ko dai a tafi da shi a hankali sosai, ko a ba shi wuta ya tashi sannan a rage totur kaɗan. Idan kuwa an cika shi da lodin da ba zai iya tashi ba, ya koma hukuncin na katako.

Sai maganar gudun ruwa, wadda ita ce take yaudarar har tsofaffin hannu. Kogin Haɗeja ba ruwa ɗaya ba ne duk shekara. Ƙarfinsa yana bin damina, yana kuma bin sakin ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992, ta yadda hanyar da aka bi cikin sauƙi a wannan mako za ta iya zama wata aba a mako mai zuwa. A ɗauki jirgin da ke yin kilomita 10 a awa a ruwa mai kwanciya, yana shan lita 4, da ƙaramin tanki mai lita 12, zai je garin da ke kilomita 14 a ƙasa, ruwa kuma yana gudun kilomita 3 a awa. A zuwa ruwa yana tura shi, yana yin 13, zai isa a awa 1 da 'yan mintoci, ya sha lita 4 da kaɗan. Direba ya ɗaga tanki ya ji nauyi, kusan kashi biyu cikin uku yana nan, hankalinsa ya kwanta, bai sayi ƙari ba. A dawowa yana gaba da ruwa, gudunsa ya koma 7, tafiyar ta zama awa 2 cur, tana neman lita 8. Abin da ya rage masa bai kai 8 ba, kuma mun riga mun ce ba duka bututu ke zuƙowa ba. Injin zai mutu ana hangen rimin gari, a daidai lokacin da rana take faɗuwa, ruwa kuma ya fara mayar da jirgin inda ya fito. Ba a yi ganganci ba, ba a yi gudu ba, lissafin "rabi zuwa, rabi dawowa" ne kawai bai dace da kogi ba.

A wajenmu akwai ƙarin wahala. Daga wajen Likori kogin yana rabuwa, wani reshe ya bi Marma ya nufi tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa, kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyi da dama. Hanyar da aka sani bara za a iya tarar da ita a rufe bana, a yi zagaye mai nisa. Ruwa mara zurfi shi ma yana riƙe jirgi, iska mai bugowa ta gaba haka. Saboda irin waɗannan dalilai ne masu tuƙin jirgi a ƙasashe da yawa suke bin ƙa'idar raba mai gida uku: sulusi na zuwa, sulusi na dawowa, sulusi kuma ba a taɓa shi sai larura. A kogi mai gudu ni zan ƙara da cewa a yi lissafin da sawun da ya fi tsada, wato na gaba da ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, tana yawan gargaɗi a kan tafiyar dare da shiga jirgi ba rigar kariya, kuma gargaɗin yana kan hanya. Sai dai ya kamata a sani cewa wasu da dare ya riska a kan ruwa da rana suka taso, ƙarewar mai ce ta tsayar da su.

Tsadar mai tana da wata illa da ta fi wannan muni. Direban da bai san lita nawa sawunsa yake ci ba, bai san fasinja nawa za su mayar masa da kuɗinsa ba, don haka sai ya yi ta ɗura mutane da babura da awaki har ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi, yana ganin ta haka ne kawai zai tsira daga asara. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a madatsar Watari da mutanen da suka taso daga Badau, aka rasa rayuka masu yawa, galibinsu ɗaliban Islamiyya, kuma yawan lodi ne aka fi ambata a matsayin sanadi. Allah ya jiƙansu da rahama. Wannan ya faru tun mai yana da araha, to ina ga yanzu. Abin takaicin shi ne lodin da ya wuce ƙima ba ya ma kawo ribar da ake zato, domin jirgin da ya nutse sosai ya fi jan ruwa, ya fi shan mai, ya fi jinkiri. Da an san ainihin kuɗin sawu, da an yanka kuɗin fito a kansa, fasinja ya san abin da yake biya, direba kuma ya daina caca da rayuka.

Akwai kuma man da ke zubewa ba tare da an gan shi ba. Kwanakin baya wani bakanike da ke zuwa mana daga Haɗeja ya kwance farfelar injinmu a gaban kwamiti. Bakin fukafukanta duk ya ciccinye saboda yashi, ɗaya ya lanƙwashe kaɗan, a bayanta kuma zaren koma ya naɗe sandar ya yi tauri kamar an ɗaure da gangan, har ya fara cin robar da ke hana ruwa shiga cikin giya. Direba ya daɗe yana kukan cewa injin ya tsufa, ba ya ja, yana shan mai. Da aka sa sabuwar farfela aka tsabtace wurin, kukan ya ƙare. Haka abin yake ga fulogin da ya yi baƙi, da kafireta mai datti, da tiyon da ya tsage yana shan iska, da ruwan da ake bari ya taru a cikin jirgi ana yawo da shi kyauta. Zaman injin ma yana da ƙa'ida: farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi. Idan ya nutse da yawa yana jan ruwa, idan ya yi sama farfela tana kama iska tana juyawa a banza.

Haɗin baƙin mai shi ma ana wasa da shi. Yawancin waɗannan injina suna son kashi 1 na baƙin mai a cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita a tanki mai lita 25, ko da yake sabon inji yana buƙatar fiye da haka a farkon aikinsa, kuma littafin da ya zo da shi ne alƙali. Mu kuwa da ido ake zubawa, wani lokaci ma baƙin man mota. Idan ya yi yawa hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya toshe. Idan ya yi kaɗan inji ya buga, a shiga neman kuɗin da ya ninka na baƙin man shekara. Wanda aka yi domin injin ruwa yana ɗauke da alamar TC-W3 a jikin robarsa. A kan murfin tanki kuma akwai wani ɗan ƙaramin noti na shan iska. Idan aka manta ba a sassauta shi ba, inji zai yi ta zuƙa har tankin ya motse ya ƙi ba da mai, a tsaya tsakiyar ruwa ana zagin bakanike alhali mai yana nan. Idan an ajiye jirgi sai a mayar a ɗaure, a kuma kai tankin inuwa.

Ina da kira na musamman ga masu saya wa al'umma jirage, ko ƙananan hukumomi ne, ko 'yan majalisa, ko ƙungiyoyin agaji, musamman tun bayan ambaliyar 2022 da ta raba garuruwa da yawa na Jigawa da hanyoyinsu. Muna godiya, Allah ya saka da alheri. Amma ina roƙon a riƙa tambayar mutanen gari nisan mashiginsu da abin da za su iya saya na mai kafin a zaɓi inji. Na san wani gari maƙwabcinmu da aka kawo wa jirgi da inji mai ƙarfin doki 40, aka yi taro aka ɗauki hoto, mashigin kuwa bai fi a ƙetare shi da gwangwala ba. Yau injin yana ɗakin mai gari an lulluɓe shi da buhu, mutane sun koma filafili, domin abin da ake tarawa na fito ba ya sayen abin da yake sha. Da mai ƙarfin doki 15 aka kawo, da yana kan ruwa, ragowar kuɗin kuma ya sayi riguna da farfelar ajiya. Babban inji irin na gauraye ko an tafi da shi a hankali ba ya zama ƙarami, domin wani kaso na mansa yana fita ta salansa bai ƙone ba. Akwai injinan da baƙin mansu yake zaune daban, waɗanda suka fi tattalin fetur nesa ba kusa ba, sai dai sun fi tsada, sun fi nauyi, ba sa jure gurɓataccen mai, kuma masu gyaransu ba su yawaita a karkararmu ba. Wanda zai kawo irinsu ya haɗa da horar da bakanike, in ba haka ba su ma ɗakin mai gari za su ƙare.

Ga wanda tafiyarsa take da nisa, ni na fi son tanki biyu a kan jarka. Lita 25 na fetur nauyinta bai wuce kilo 18 zuwa 19 ba, bai kai rabin buhun taki ba, don haka nauyi ba hujja ba ce ta barin ajiya a gida. Amfanin tanki na biyu shi ne tiyo kawai za a cire a mayar, ba sai an tsaya ana tuttula fetur daga jarka a jirgi mai rawa ba, kusa da inji mai zafi, ga wani fasinja can da sigari a hannu. Kuma ƙarewar na farko ita kanta sanarwa ce da ba ta ƙarya, ba kamar allura ba.

Yadda za a san abin da sawu yake ci ba ya buƙatar na'ura ko boko mai zurfi. A samu mazubi guda da aka tabbatar lita 1 ne, a ajiye shi domin wannan aiki kaɗai. A cika tanki zuwa wata alama, a yi sawu da lodin da aka saba, a dawo a sake cikawa zuwa alamar ana ƙirgawa, a rubuta. A yi haka da totur a ƙure, a sake yi da shi a sassauce, a yi lokacin da ruwa ya kawo, a kuma yi da rani. Lambobin da za su fito na wannan jirgin ne da wannan mashigin, sun fi duk wani abin da dillali zai faɗa, sun ma fi misalan da na kawo a sama. Ranar da aka ga sawun da ya saba cin lita 5 ya koma cin 7, an san akwai abin dubawa a farfela ko fulogi, ko kuma a wajen wanda aka aika sayen man.

Ina roƙon sarakunan ruwa da shugabannin 'yan fito na masarautun Haɗeja da Ringim, da takwarorinsu na Kano, su sa a rubuta wa kowane jirgi abu biyu da fenti a jikinsa, inda fasinja zai gani tun yana gaɓa: adadin mutanen da yake ɗauka, da litar da sawunsa mafi nisa yake ci zuwa da dawowa.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Wassalam.

Naka,
Ma'ajin kwamitin jirgin fito,
daga ƙaramar hukumar Guri, jihar Jigawa.